Zaunar da Corolla ƙasa ba tare da ta koma amalanke ba

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8, tayoyinta 195/65R15 a kan rim ɗin kamfani. Gabanta tsarin MacPherson ne, shoka da sifirin a haɗe. A baya ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafun biyu, kowane gefe da tasa shokar a cikin sifirin. Mai ita yana so a zaunar da ita, sararin da ke tsakanin taya da bakin madigadi ya toshe, a kuma sa mata rim 17. Inci biyu ya ambata, wato wajen milimita 50. Amma ya ce kada ta koma amalanke, don da ita ake kai tsofaffin gida asibiti.

Hanyar da take bi kullum ita ce za ta yanke hukunci. Kwalta ce daga Wudil zuwa Gaya, sai kilomita huɗu na burji zuwa ƙauye, inda kurar shanu da tarakta suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. Mun je da katako miƙaƙƙe da tef. Aka ɗora katakon a kan tudun, aka daidaita shi, aka auna zuwa gindin kwarin da taya ke bi. Wuri mafi muni ya ba da milimita 95.

Awon motar an yi shi a kan daɓen siminti, tanki rabi, iskar kowace taya 30 kamar yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna. Daga tsakiyar hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, ake aunawa zuwa bakin madigadi, domin idan daga ƙasa aka fara, iskar taya da cinyewarta duk za su shiga lissafin. Gaba hagu milimita 371, gaba dama 377, baya hagu 360, baya dama 365. Gefen direba ya riga ya kwanta, abin da ake yawan gani a motar da ta daɗe tana ɗaukar mutum ɗaya a kujera ɗaya.

Sai awo da kaya. Buhun siminti kilo 50 ne, bai san ƙarya ba, don haka shi muka sa a madadin fasinja: ɗaya a kujerar gaba, uku a ta baya, ɗaya a but, ga direba a mazauninsa. Baya ya nitse milimita 41, gaba 12. Ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji yana milimita 152 daga ƙasa idan babu kaya, 140 da kaya. Bututun salansa na tsakiya 160 ne, da kaya 128.

A cire 50 daga 140, saura 90, tudun kuwa 95 ne. Wannan kaɗai ya rufe maganar inci biyu. An tsaya a kan milimita 30 a gaba, 25 a baya.

Laraba, 8 ga Janairu

An ɗaga ta an duba ƙafafu. Shokar baya ta hagu ta yi amai, mai ya jiƙe jikinta ƙura ta lafe a kai. Fad ɗin saman shokokin gaba duk sun tsattsage. Babban bushin na lowa am ɗin dama, wato robar hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafa daga ƙasa, ya yage kusan rabi, linkej biyu, sandunan da ke haɗa shoka da ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, suna ƙwanƙwasa idan an girgiza su da hannu. Robar soson nan da ke jikin sandar shoka, wadda ake kira sitofa, ta ruɓe a dukkan huɗun, wata ma garinta kawai muka tarar cikin robar ƙura. Duk wannan sai an sauya shi tukuna. Wanda ya zaunar da mota a kan matattun kaya, duk ƙarar da ya ji daga baya sifirin zai zarga, alhali ciwon tsoho ne.

Abin da ke sa mota laushi shi ne sararin da ƙafa ke da shi na nitsewa kafin ta daki sitofa, da kuma shokar da ke iya riƙe sifirin ɗin da aka haɗa ta da shi. Mun zura sabuwar sitofa don gwaji, mota a ƙasa: saura milimita 55 a gaba, 70 a baya. A tsarin gaban wannan mota, kusan duk milimitar da aka sauke daga cikin wannan sararin ake ciro ta. Ke nan bayan aiki 25 kacal za ta rage a gaba idan ba a taɓa komai ba, kuma ramin kwalta ɗaya ya isa ya cinye ta.

Mai motar ya kawo shawarar da ake yawan bayarwa a tasha, a yanke zobe ɗaya da giranda a huta. Mun ƙi, ga dalili. Taurin sifirin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zobban da ke aiki: mai zobe shida idan ya koma biyar, ya ƙara tauri kashi 20 cikin ɗari, kuma ba ka da iko a kan yawan saukar, sai abin da ka gani. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ƙarshen sifirin ce, wadda kamfani ya lanƙwasa don ta zauna daram a kujerarta. Da zarar an yanke, tsinin ƙarfe ne zai riƙa cin roba, kuma sifirin da ya gajarta yana iya barin kujerarsa lokacin da ƙafa ta saki gaba ɗaya, kamar in mota ta yi tsalle a kan bam. Masu gasa shi da wutar walda har ya kwanta kuwa sun fi ɓarna. Zafi yana kashe horon ƙarfen, wurin da aka gasa ya ci gaba da lotsawa a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano. Shokoki huɗu sababbi muka saya, na gas, irin na tsayin asali. Ga saukar da ba ta wuce milimita 30 ba suna iya aiki muddin lafiyayyu ne. In za a wuce 40, sai an nemi masu gajeren jiki. Wanda aljihunsa ya tura shi ga 'yan Beljiyam, ya tsayar da shokar a miƙe ya danna ta sau uku ko huɗu. Ya kamata ta yi turjiya iri ɗaya daga sama har ƙasa, ta dawo da kanta a hankali. In ta zurma santimita ɗaya ko biyu ba turjiya kafin ta kama, ta mutu. A shafa sandar da yatsa, ƙaramin tabon tsatsa ma zai yanke robar mai cikin 'yan makonni. Jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni suna nan birjik, kwalinsu ya fi na gaskiyar sheƙi. Dubi walda da rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, ka kuma ɗaga ka ji nauyi.

Sifirin ne ya ci rana. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Eibach da H&R na Jamus da Tein na Japan, kuma wani lokaci kayansu na zuwa a jikin motocin da ake yankawa. Saiti biyu muka samu. Na farko mun bar shi saboda lambobin da ke jikin na baya biyun ba su yi daidai ba, alamar daga motoci daban aka tattaro su. An kuma miƙo mana na Pontiac Vibe da cewa ai duk ɗaya ne. Gaskiya ne Vibe da Matrix da wannan Corolla gida ɗaya suka fito, amma nauyinsu da tsayinsu ba ɗaya ba ne, kada a gauraya.

An nuna mana kuma shokokin nan masu zare a jiki, waɗanda ake murɗawa mota ta hau ko ta sauka. A ido abin sha'awa ne. Sai dai masu arahar cikinsu sifirin ɗinsu kan ninka na asali biyu ko uku a tauri, ga zaren da ƙurar hunturu da lakar damina za su cushe shi ya ƙi motsi. Araha ba ta ado.

Saiti na biyu muka ɗauka, da sharaɗin za a mayar idan bai ci gwaji ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Gwajin tauri, ba da wani inji ba. An yi wa faranti na ƙarfe waldar bututu a tsaye, aka zura sifirin a jikinsa don kada ya goce, aka ɗora katako mai kauri da rami a tsakiya, sannan buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu na riƙe da gefe.

Na gaba na asali yana nitsewa milimita 21 a kowane buhu, wato kimanin kilo 2.4 a kowace milimita. Sabon ya ba da 19 a buhun farko, 17 a na biyu, 16 a na uku. Irin mai hawa-hawa ne, zobbansa na gefe ɗaya sun fi matsuwa, yana farawa da laushi ya ƙara tauri yayin da nauyi ke ƙaruwa. A buhu na uku ya kai kilo 3 da ɗoriya a milimita. Buhu uku ba su kai nauyin da yake ɗauka a jikin mota ba, amma sun nuna inda ya dosa. Na baya na asali 24, sabo 20.

Ƙarin tauri dole ne, tunda gajeren sarari ne zai tare nauyi iri ɗaya. A ganinmu kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari shi ne iyakar abin da shoka irin ta asali za ta riƙe. In ya haura haka, sifirin zai fi ƙarfinta, motar ta riƙa yin sukuwa sau biyu ko uku bayan kowane bam. Yawancin motocin samarin da ake gani suna tsalle-tsalle a titi ciwonsu ke nan. Saitin ya ci gwaji.

Talata, 14 ga Janairu

Gaba. An ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba a bar ta a kan jak kaɗai ba, bulo kuma ba ya cikin zance. Kafin a kwance manyan kusoshi biyu da suka haɗa shoka da nokul, wato ƙarfen da hob ke zaune a jikinsa, an zana layi da fenti a gefensu don a san inda suke. An cire maƙalin tiyon birki da na wayar ABS daga jikin shoka, aka cire linkej, sannan manyan kusoshin, sannan notuna uku na sama. Da zarar nokul ya saki, a ɗaure shi da waya a jikin mota. In aka bar shi ya faɗo waje zai ja tiyon birki, kuma yana iya zaro shaf daga kofinsa na ciki, aikin awa ɗaya ya koma na yini.

Notin tsakiya na saman shoka ba a taɓa shi sai an matse sifirin da maɗauri biyu, ɗaya daura da ɗaya, ana ɗaure su bi da bi har sifirin ya yi sako-sako a kujerarsa. Yaron gareji ya ce, "Oga, a tasha da igiya suke ɗaurewa, mutum ya taka." Aka ce ya je ya tambayi masu yin hakan haƙoransu nawa suka rage. Sifirin gaban wannan mota a matse yake da ƙarfin ɗaruruwan kilo.

Sabuwar shoka an tsayar da ita an danna sau huɗu kafin a haɗa, don mai ya koma inda ya kamata bayan kwanciyar da ta yi a kwali. Ba a kama sandarta da filaya. An rage sitofa milimita 15, daga gefenta mai kauri da tauri, aka bar tsininta mai laushi, domin shi ne ke sa dukan ya zo a hankali maimakon ya zo kamar guduma. Cire ta gaba ɗaya kuskure ne, shoka za ta riƙa dukan gindinta har bawul ɗin ciki ya lalace. Sarari ya koma wajen 40.

Wajen haɗawa, ƙarshen sifirin ya shiga lungun da aka yi masa a kujerar ƙasa, kujerar sama kuma alamar da aka rubuta OUT ta kalli wajen mota. Bayan an saki maɗauri an gwada juya sifirin da hannu, bai motsa ba, wato ko ƙafa ta saki duka yana nan a matse.

Lowa am ɗin dama ya samu sabon bushin. Kusoshin da suka ratsa robar lowa am a kwance, na gefen biyu, an sassauta su, ba a ɗaure ba sai da aka sauke motar a kan tayoyinta aka girgiza ta. Wannan mutane da yawa suna tsallake shi. Robar bushin murɗawa take yi, ba juyawa ba. In aka ɗaure ta ƙafa na rataye, ko aka bar ta a ɗaurin tsohon tsayi, za ta zauna a murɗe dare da rana, ta ƙara wa mota tauri, ta kuma yage da wuri. Notunan taya an ɗaure su a giciye da sufana mai geji, 103 Nm.

Laraba, 15 ga Janairu

Baya bai ba da wahala ba. An ɗaga labulen cikin but don a kai ga notunan sama, an tallafi ƙarfen baya da jak, gefe ɗaya aka gama kafin a taɓa ɗayan. Sitofa an rage mata milimita 10. Notin ƙasan shoka da manyan kusoshin bushin na ƙarfen baya, su ma a ƙasa aka ɗaure su. Awo bayan zagaye ɗaya: gaba 351 duk biyun, baya 344. Za ta ƙara zama.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwajin farko bai yi daɗi ba. A kan kwalta kowane ɗinkin titi sai ya shigo kujera, a burji kuwa kwalbar ruwan da ke aljihun ƙofa rawa take ta yi, madubin ciki yana kakkarwa har ba a gane abin da ke baya. Ga kuma wani ƙas-ƙas daga gaba dama a kan gargada.

Kafin a kwance komai aka sa geji a taya. 46, 44, 45, 48. Ashe jiya an biya wajen mai faci, ya cika su yadda ya saba cika na motocin haya masu lodi. Aka mayar 30, aka sake bin hanyar, fiye da rabin taurin ya tafi. Duk wanda zai yi hukunci a kan sifirin ya fara da geji nasa na kansa, da safe kafin taya ta yi zafi.

Ƙarar kuwa laifinmu ne. Robar da ke ƙarƙashin sifirin dama ta naɗe lokacin sakin maɗauri, ƙarfe yana taɓa ƙarfe. An sake fitar da shokar an gyara zamanta. Da yake ana wurin, an zura guntun tiyo a zobba biyu na sama da ke haɗuwa da juna, don sifirin mai hawa-hawa yakan yi 'yar ƙara a nan.

An ɗaga robar ƙura an ɗaura siririn maɗaurin roba, irin na masu haɗa waya, a jikin sandar kowace shoka, aka tura shi ƙasa. Duk inda shoka ta nitse ta kai, nan za ta bar shi. Bayan zuwa ƙauye da dawowa a gudun da aka saba, na gaba sun tsaya dab da sitofa, na baya da sauran sarari. Babu kaya a lokacin.

Sitiyari ya ɗan karkace, don sauke mota yana sauya kallon tayoyin gaba. An daidaita shi da zare na wucin gadi. Ba za a kai ta alaimen, wato saita tayoyi, ba sai ta gama zama, in ba haka ba kuɗi biyu za a biya.

Asabar, 25 ga Janairu

Ta yi kilomita 310. Gaba 346, baya 339, wato ta sauka 31 da 26 daga tsayin lafiyayyen gefenta na da. An kai ta Kano wajen masu alaimen na kwamfuta. Tayoyin gaba sun buɗe baki waje da milimita 4, abin da zai cinye gefensu na ciki cikin 'yan watanni. An mayar da su kusan sifili ta tayarod. Saman tayoyin ya kwanta ciki, hagu digiri 1.1, dama 1.4. An sassauta manyan kusoshi biyu na dama aka ja nokul iyakar wasan da ramin ya bari, ya dawo 1.0. Da bai isa ba, akwai kusa mai siririn jiki da ake sawa don wannan gyaran. Mutane suna ɗora wa kwanciyar taya laifin cin gefe, amma buɗewar bakin ta fi saurin ci nesa ba kusa ba. Ƙarfen baya ba shi da wurin gyara, an duba ne kawai a tabbatar bai lanƙwashe ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Rim. Mai motar har yanzu ransa na kan 17, don haka aka aro saiti mai taya 215/45R17 aka ɗaura, ga kuma 16 mai 205/55R16 a gefe.

Lambar tsakiya a jikin taya kaso ce ta faɗinta. Ta asali, kashi 65 na 195, kumatunta milimita 127 ne. Ta 16 tana da 113, ta 17 kuwa 97. Kumatun taya su ne farkon abin da ke shanye ƙananan duka, tsakuwa da gargada da bakin kwalta, tun kafin sifirin ya san an yi. Rim 17 ya kwashe milimita 30 daga nan, kusan kwata, a motar da aka riga aka rage wa sarari. Tsayin tayar gaba ɗaya ma ya bambanta: ta asali 634.5, ta 16 kusan 632, ta 17 kusan 625. Ke nan 17 ɗin za ta ƙara sauke cikin motar kusan milimita 5, ta kuma ƙara buɗe ramin madigadin da ake son toshewa.

Ba mu yi dogon musu ba. An ba shi makulli ya je ƙauye ya dawo da 17, aka sauya ya sake zuwa da 16. Da ya dawo na biyu ya ce, "Malam, a bar wannan."

Rim ɗin faɗinsa inci 6.5, zurfin zamansa a kan hob milimita 42, na kamfani kuwa 45, don haka ya ɗan leƙo waje ya cika madigadi, kuma wannan leƙowar tana gyara tsayuwar mota a ido fiye da ƙarin santimita ɗaya na sauka. Ramuka biyar ne a da'irar milimita 100. Ramin tsakiyarsa ya fi hob ɗin Corolla faɗi, wanda yake 54.1, sai da aka sa zoben cike gibi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a babban gudu ko an yi balansin sau goma. Notunan ma an sauya. Aloyin Toyota na asali noti mai wasa shimfiɗaɗɗe yake amfani da shi, wannan kuwa mai tsini yake so. Zaren ɗaya ne, M12 da 1.5, shi ya sa ake ruɗuwa, noti ya shiga lafiya amma bai kama rim ba.

Tayoyin an karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. An ƙi wasu masu zanen dutse da ƙanƙara a gefe. Na ƙasashen sanyi ne, robarsu ba za ta jure kwaltar watan Afrilu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwaji da buhu biyar. A nan abin da ake tsoro ya fito. A kwalbatin shiga ƙauye baya ya daki sitofa da ƙarfi, gum, har buhun but ya yi tsalle, maɗauran roba na baya kuma an tura su har ƙarshe. Lissafin ya nuna dalili: sarari 70 ne, an cire 26 na sauka, an ƙara 10 na yankan sitofa, kaya sun ci 34, saura 20. Salansa ma ta shafi tudu a wuri biyu, ta dawo da jan ƙasa a cikinta.

Ƙara yanke sitofa ba mafita ba ce, taya za ta kai ga madigadi. An sa zoben roba mai tauri, kaurin milimita 10, a saman kowane sifirin baya, an yanka shi daidai da kujerar yadda ba zai zame ba. Baya ya koma 349, gaba na nan 346. Sararin taya da madigadi ya zama 30 a gaba, 33 a baya, yatsu biyu ke nan, inda da yake 60 da 48. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: yanzu ta fi kyau, don da ɗuwawunta ya ɗan fi zama ƙasa, kamar mai ɗauke da kaya ko babu kowa ciki.

Robobin da salansa ke rataye a jiki sun saki don tsufa. Sababbi sun ɗaga bututun milimita 12. An ƙera faranti mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin inji don ya kare botom filet, wato kaskon baƙin mai, an ɗaure shi a ramukan da suke akwai, an lanƙwasa bakinsa na gaba sama kamar na kwale-kwale, an huda masa ramukan iska da na juye baƙin mai. Ya ci milimita 4 daga tsayi, amma gara a ji ƙarar faranti da a ga mai a ƙasa.

Tunda gaba ya fi baya sauka da milimita 15, kuma tsakanin ƙafafun gaba da na baya milimita 2,600 ne, hasken fitila ya faɗi kusan santimita 6 a nisan mita 10. An tsayar da ita gaban bango da magariba aka ɗaga shi.

An sake bin kwalbatin da buhunan. Ta taɓa sitofa a hankali, ba duka. Bam ɗin cikin gari masu tsini, waɗanda mutanen unguwa ke ginawa da kansu, sai an bi su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a saki birki kafin a hau don kada hanci ya nitse.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kilomita 1,200 tun haɗawa. Awo bai motsa ba, 346 da 349. An bi dukkan kusoshi da sufana, notin linkej ɗin hagu ne kaɗai ya ɗan ɗauki ɗauri. Babu mai a jikin shokoki. Tayoyin gaba suna ci daidai daga gefe zuwa gefe. Robar cikin madigadin gaba na hagu tana da ɗan goge inda taya ke taɓa ta idan an karya sitiyari duka ana hawa tudu, an ɗumama ta an tura ciki an ƙara mata maƙali. Farantin ƙasa yana da karce uku, duk a gefen dama.

A kan kwalta ta fi da nutsuwa a kwana, ba ta kwanciya kamar da. A gargada an fi jin hanya kaɗan, musamman a kujerar baya idan mutum ɗaya ne a ciki. An gwada iska 29 a baya ranar da babu kaya, ya rage. Iyakar kayanta yanzu mutum biyar da buhu ɗaya. Ranar ɗaukar taki ko amfanin gona a nemi a-kori-kura.

Tsofaffin sifirin huɗu an ɗaure su da waya, an rubuta gaba da baya, hagu da dama, suna ɗakin ajiya. Dubawa ta gaba bayan ruwan farko ne, lokacin da tarakta za ta sake zurfafa kwarin hanyar. Za a koma da katako da tef. Idan tudun ya haura milimita 105, za a sa wa gaba zobe na milimita 10 irin na baya har kaka, a sake alaimen.